Kuɗin azurfar kakata mai shekarar 1780, nawa zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan kalli shirin Affaire conclue na tashar France 2, inda mutum zai kawo tsohon agogo a yi masa kuɗi har ya rasa bakin magana. Kakarmu ta rasu ta bar kuɗin azurfa guda tara masu hoton wata Baturiya, da 1780 a jikinsu. Yayana ya rantse miliyoyi ne, har ya fara cigiyar fili. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka. Ki ce wa Yaya ya dakata da zancen fili tukuna.

Baturiyar nan Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta mutu a 1780. Bayan mutuwarta aka ci gaba da buga kuɗin ba tare da an sauya shekarar ba, a Viyana, Landan, Faris, Roma har da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi. Yau ɗin nan ma Viyana na bugawa. Fatake ne suka ratso hamada da shi zuwa Borno da Wadai, mata suka mai da shi abin ado. Mahaifiyata tana da biyu da maƙeri ya liƙa wa kunne, ni ma ina yaro na ɗauka mun haye.

Kowanne nauyinsa wajen giram 28 ne, tsantsar azurfa wajen 23. Galibi kuɗin azurfar ne za a ba ki, da ɗan ƙari. Wanda aka huda, masu tarawa sukan rage masa daraja.

Su kuwa na talabijin, cikin tulin kaya suke tsamo wanda zai sa mai kallo ya riƙe baki: abin da babu irinsa da yawa, kuma an san hannun da ya fito.

Amma fa kada hakan ya sa ki sakar wa dillalin farko. A 2021 wasu tsofaffi a Faransa sun sayar da abin rufe fuska na ƙabilar Fang ta Gabon a kan yuro 150, bai kai sefa jaka ɗari ba. A 2022 aka yi gwanjonsa a Montpellier yuro miliyan 4.2. Suka je kotu, suka sha kaye.

Ki kai wa maƙeran azurfa biyu daban-daban, su auna a gabanki. Jabu na yawo, wanda maganaɗisu ya kama ba azurfa ba ne. Kada ki dirje su da toka ko lemun tsami. A san kuɗinsu kafin a zauna rabon gado.