Shin Ɗan Adam Yana da Ido na Uku a Cikin Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, na kalli bidiyoyi a YouTube da ke cewa kowa yana da ido na uku a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wai ƙwayar finiyal, kuma in ya buɗe mutum zai riƙa ganin abin da ke ɓoye. Na gwada zaman tattara hankalin da suke koyarwa. Yanzu ina jin nauyi tsakanin girata, ina ganin walƙiyar haske idona a rufe, wani lokaci ma sai in ji kamar akwai mutum tsaye a bayana. Idon ne ya fara buɗewa?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwayar finiyal tana nan, amma a jikin ɗan adam ba ta gani. 'Yar tsoka ce da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, tana can lungu tsakanin ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, nesa da goshi. Aikinta fitar da sinadarin melatonin, wanda Aaron Lerner da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Yale ta Amurka a 1958. Idan duhu ya yi, idanunka biyu ne ke aika saƙo zuwa agogon jiki a ƙasan ƙwaƙwalwa. Daga nan saƙon ya gangara ta laka zuwa wuya, ya sake hawowa ya iske finiyal, ita kuma ta saki melatonin cikin jini, jiki ya san dare ya yi. Haske mai ƙarfi da daddare yana rage wannan aiki. Ka ga ke nan ko labarin dare da rana ma sai an kawo mata.

Sunan "ido na uku" yana da asali, shi ya sa maganar ke kama hankali. Wasu kwaɗi da ƙadangaru, da wata halitta ta ƙasar Niyu Zilan mai suna tuwatara, suna da ɗan ido a tsakar ka da ke da alaƙa da finiyal. Yana rarrabe haske da duhu, amma ba ya haɗa hoto. Mu ba mu da shi. Sauran labarin kuwa haɗe-haɗe ne. Masanin falsafa na Faransa, Rene Descartes, ya rubuta a 1649 cewa a nan ruhi ya fi gudanar da aikinsa, hujjarsa kuwa ita ce ya gan ta guda ɗaya tal, alhali yawancin sassan ƙwaƙwalwa biyu-biyu suke. A addinin Hindu na Indiya akwai aƙidar wata cibiya tsakanin gira da ake kira ajna, amma tsofaffin littattafansu ba su ambaci finiyal ba. Helena Blavatsky, 'yar asalin Rasha, na cikin waɗanda suka ɗaura wannan da wancan, a littafinta na 1888. Abin da ka gani a bidiyo jikan wannan haɗin ne.

An kuma gwada batun gani daga nesa da gaske, wato hango abin da ke ɓoye da zuci ba da ido ba. Gwamnatin Amurka ta shafe sama da shekara 20 tana kashe kuɗi a kansa don leƙen asiri, aka rufe shirin a 1995 bayan bita ta nuna bai taɓa samar da bayanin da aka yi aiki da shi ba. Masu cewa fulorayid na man goge baki ne ya toshe idon su ma ba su da madafa. Finiyal takan tara ƙwayoyin kalsiyam yayin da mutum ke manyanta, kuma likitoci sun san haka tun kafin a fara sa fulorayid a ruwan sha a 1945. Babu wani magani ko abin sha da aka tabbatar yana wanke ta, don haka kar ka ba da kuɗinka.

Abin da ka ji fa? Ban ƙaryata ka ba, ka ji shi. In mutum ya rufe ido ya karkata su sama yana tattara hankali a goshi, tsokokin wurin suna ɗaurewa, nauyin ke nan. Walƙiyar kuma ido da ƙwaƙwalwa ba sa yin tsit a duhu, suna haifar da ɗigon haske da kansu. Jin mutum a baya ya fi ban sha'awa a wurina. Olaf Blanke da tawagarsa a Siwizalan sun taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya da 'yar wutar lantarki, ta ji ta fita daga jikinta tana kallon kanta daga sama, an wallafa wannan a 2002. A 2006 kuma wata ta ji inuwar mutum a bayanta ta wannan hanya. Sashen da ke lissafin inda jikinka yake ne ya rikice, ba finiyal ba. Ƙarancin barci, kaɗaici da dannau duk suna iya kawo irin haka.

Abin da ke damuna shi ne a kira ciwo baiwa. Ƙari yakan fito a finiyal, ko da yake ba kasafai ba, ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. Alamunsa ciwon kai mai tsanani musamman da safe, amai, gani biyu-biyu da kasa ɗaga ido sama. Farfaɗiya da ciwon kai na ɓari guda su ma suna sa ganin haske. Ka dakatar da zaman nan na ɗan lokaci, ka gyara barcinka, ka rage kallon waya da daddare. In abin ya ci gaba kana farke ido buɗe, ko ka fara jin muryoyi, ko ɗaya daga alamun can ya bayyana, ka je asibiti a duba ka ba tare da jinkiri ba, ka kuma faɗa wa likita komai yadda ka faɗa mini.