Dalilin yawan ƙananan majami'un Methodist a karkarar Amurka

Tambaya: Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma duk lokacin da na bi hanyoyin karkara sai in riƙa ganin ƙananan majami'un ɗarikar Methodist, kusan kowace da maƙabarta a gefenta, wasu ma a rufe. Me ya sa suke da yawa haka, kuma kusa da juna?

Amsa: Malam, inda kake zaune yana cikin wuraren da wannan tarihi ya soma a Amurka. Asalin ɗarikar dai daga Ingila ne, wurin John Wesley, limamin Cocin Ingila wanda ya fara wa'azi a fili kusa da Bristol a 1739. Amma abin da ya yi tasiri a karkara shi ne tsarin da ya kafa a 1742, na kasa mabiya rukuni-rukuni, mutum kamar 12 a ƙarƙashin jagoran da ba fasto ba, suna haɗuwa kowane mako domin addu'a da tambayar halin da kowa yake ciki. Irin wannan rukuni ba ya bukatar gini, falon manomi ma ya ishe shi, shi ya sa a yawancin ƙauyukan nan jama'ar ta girmi majami'arta da shekaru.

Haka aka yi a Maryland. Robert Strawbridge, manomi ɗan ƙasar Ayalan, ya zauna a Sam's Creek yana wa'azi a gidansa, kafin mabiyansa su kafa ɗakin sujada na gungumen itace wajen 1764. A jihar Delaware maƙwabciyarku kuwa, har yau akwai Barratt's Chapel, wadda aka gina da bulo a tsakiyar gonaki a 1780. A cikinta ne Thomas Coke, wakilin Wesley, ya sadu da Francis Asbury ranar 14 ga Nuwamba 1784, kuma a watan da ya biyo baya aka yi taron Baltimore wanda ya kafa ɗarikar a matsayin coci mai cin gashin kansa.

Asbury, wanda ya iso Amurka a 1771 bai kuma daina yawon wa'azi ba har rasuwarsa a 1816, shi ne ya tsaya kai da fata a kan cewa mai wa'azi ba zai zauna wuri ɗaya ba. Ana ba saurayi jerin ƙauyukan da zai zagaya a kan doki cikin mako huɗu zuwa shida, a kan albashin dala 64 a shekara da farko, yana kwana duk inda dare ya yi masa, kuma da yawansu wahalar hanya ta kashe su da ƙuruciya. A ganina, an fi yabon waɗannan mahaya fiye da yadda ake tunawa da mutanen da suke tararwa, alhali manoma da matansu ne suke riƙe da sujada a duk makonnin da ba ya nan. Su ne suka ba da fili, suka sari katako, suka yi gini a inda iyali zai iya zuwa a ƙafa ko a keken doki ya koma kafin lokacin kula da dabbobi. Kusancin da kake gani ke nan.

Akwai kuma dalili mai ɗaci. Bautar da bayi da wariyar launin fata sun raba jama'a ɗaya gida biyu: baƙaƙen fata da suka gaji da zama a benen baya sun kafa ɗarikarsu ta African Methodist Episcopal (AME) a 1816 a ƙarƙashin Richard Allen, sannan majami'un Methodist na jihohin Arewa da na Kudu suka rabu a 1844, ba su sake haɗuwa ba sai 1939. Ko bayan haɗuwar, an ware majami'un baƙaƙen fata a wani sashe dabam har 1968. Saboda haka idan ka ga majami'u biyu a ƙauye ɗaya, sau da yawa wannan ne sanadi.

Rufewarsu kuwa ta biyo bayan shigowar tarakta da mota, domin gonaki sun daina bukatar hannaye da yawa, matasa suka tafi birni. Yau fasto ɗaya yakan kula da majami'u biyu ko uku, wasu kuma sau ɗaya ake buɗe su a shekara, ranar da zuriyar waɗanda aka binne a wurin suke dawowa. Idan kana son tarihin wata daga cikinsu, ka fara da shekarun da ke jikin duwatsun kaburbura, sannan ka nemi takardar mallakar filin a ofishin rajistar filaye na gundumar, inda za ka samu sunayen mutanen farko da aka damƙa wa amanar filin.