Gyaran unguwa: aikinmu ne ko na gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A unguwarmu an kafa kwamiti wai don yasar kwata da kwashe bola, an ce kowane gida ya turo mutum ɗaya, shi ne maigidana ya ce ni in je tunda ni ce kullum a hanyar asibiti da yara, yau zazzaɓi gobe gudawa. Ni kuma abin da ke damuna, wannan ba aikin gwamnati ba ne? In muka yi da kanmu ba sai su naɗe hannu ba? Kuma anya yasar kwata za ta rage ciwo kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Don Allah ki je taron nan.

Bari in fara da ta ƙarshe. Ruwan da ya kwanta a kududdufi, sauro zai yi ƙwai a ciki, kwana 10 ma ba sai ta cika ba a lokacin zafi ya zama sauro mai cizo. Kwata kuwa in ta toshe ta malalo ta bi ta kan fasasshen bututun famfo, to ga gudawar da kike magana. Likita zai ba da magani yaro ya warke, sannan ki dawo da shi inda ya ɗauko ciwon, wannan zaryar ce ke cinye kuɗi da jikin uwa. Kuma ba a ƙasashe matalauta kaɗai unguwar da mutum ke zaune take shafar lafiyarsa ba, a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ƙarƙashin jagorancin masanin lafiyar al'umma Michael Marmot an nuna cewa namijin da aka haifa a Calton cikin birnin Glasgow na ƙasar Birtaniya ana sa ran zai yi shekara 54 a duniya, na Lenzie da ke can gefen garin kuwa 82. Ƙasa ɗaya fa, asibiti kyauta ga kowa, amma tazarar shekara 28, wallahi duk sanda na tuna abin yana taɓa ni.

Batun gwamnati kuwa kina da gaskiya, kada kowa ya rufe miki baki. Amma dubi yadda mutanen unguwar Orangi suka yi a Karachi ta Pakistan daga 1980, da taimakon wani masanin raya al'umma mai suna Akhtar Hameed Khan. Kowane layi suka zaɓi shugabansu, suka haɗa kuɗi, suka yi masai a gidajensu suka binne bututun ƙazanta a layinsu, injiniyoyi na nuna musu awo da taswira, shi kuwa babban magudanin da zai kwashe na duka layukan suka ce wannan na hukuma ne, kuma suka yi ta bibiya. Kin ga an raba aiki ke nan, kuma mutanen da suka gama nasu da hannunsu in suka shiga ofis ba roƙo suka je yi ba. Tun 1978 ma sanarwar taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata ta ce haƙƙin jama'a ne a yi da su wajen tsara harkar lafiyarsu.

Abin da nake tsoro shi ne kwamitin ya zama na masu gidan kansu da masu baki kawai, a gyara layin da mota ke bi a manta da lungun da ruwa ke shiga ɗaki. Masu haya, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da mata irinki da kuka san wane gida ne yaransa ba sa rabuwa da ciwo, ku ne za ku faɗi inda za a fara. Kafin ranar ki zaga maƙwabta ki tambaya, ki rubuta a takarda inda ruwa ke kwanciya da gidajen da aka kwanta ciwo a damina. In kin je ki nemi a rubuta wane aiki ne naku wane ne na hukuma, a sa rana, kuma duk kuɗin da aka tara a karanta lissafinsa a gaban kowa. Ki sake rubuto min in ji yadda taron ya kasance.