Tambayi Likita: Zaman Kasuwa Ya Sa Min Teɓa

TAMBAYA: Salam Likita, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 42, wuni nake a zaune a shago, ga teɓa ta fito ga yawan gajiya, dan Allah me zan yi?

AMSA: Wa'alaikassalam Alhaji. Kafin komai je asibiti ko kemis a gwada maka jini da suga, hawan jini ba ya sallama, mutum na yawonsa lafiya lau alhali awon jininsa ya haura 140/90.

Sai tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, kaga minti 30 sau biyar kenan, in daga Ƙofar Mata kake ai ba sai ka tari adaidaita ba, taka kawai da sanyin safiya, ba da ranar nan ta Kano ba.

Lemon kwalba da shayin mai shayi da ake zabga wa suga da madara, rage su. Gishiri kar ya wuce ƙaramin cokali a rana, kuma fa har da na maggi da yajin tsire a lissafin.

Maganin ƙarfin maza na 'yan talla kuwa, gaskiya ka rabu da shi, ƙoda ke shan wahalarsa. Ka samu baccin awa 7, a ajiye waya bayan Isha'i.