Hukuncin Riƙe Cikon Kuɗin Mai Gidan Abinci Da Ya Yi Ha'inci A Walima

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kama wani gidan abinci a Sabon Garin Zariya don walimar ɗana da ya gama karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Mun yi ciniki kan faranti 80 na shinkafa, kowanne da yankan kaza biyu, a gabatar bayan La'asar, na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Sai dab da Magariba aka fara rabo, bayan baƙin Samaru da Kongo sun fara tafiya. Faranti 60 na ƙirga, yawanci yanka ɗaya, ma'aikatan kuma suna yi wa dattawa tsawa. Da aka kawo lissafi sai ga kuɗin faranti 80 cif, har da lemon da ban ce a kawo ba. Ya halatta in riƙe cikon gaba ɗaya? Kuma in na faɗa wa jama'a a Facebook na yi giba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka a karatun yaron.

In dai al'amarin haka yake, domin ɓangare ɗaya na ji, mai gidan abincin nan ya yi algus kuma ya saɓa alkawari. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙullen yarjejeniya, Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye mudu. Kada wani ya ɗauka tauyewa sai a tiyar hatsi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa kowane abu yana da cikawa da tauyewa. Ludayin miya da yankan nama suna ciki.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci, ya cusa hannunsa, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne. Sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wannan fa ɓoyewa kawai ya yi. Ina ga wanda ya rubuta 80 alhali ya san 60 ya zuba? Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san mai walima ba zai tsaya cacar baki a gaban surukai da malamansa ba, sai a mai da kunyarsa hanyar cin dukiyarsa.

Amma ɗan'uwa, riƙe cikon duka bai halatta gare ka ba. An ci abincin, ba ya mayuwa, kuma a ƙa'idar malamanmu na Malikiyya idan kayan da ke da aibi suka salwanta, mai saye yana karɓar ƙimar aibin ne kawai. Don haka ka cire kuɗin faranti 20 da ba a kawo ba, sannan ku sa mutum biyu masu sana'ar girki su ƙiyasta naman da aka rage, shi ma ka cire. Jinkirin ya saɓa sharaɗi, ku yi sulhu a kan rangwame. Ragowar haƙƙinsa ne, ka biya. A hadisin Abu Dawuda da Tirmizi an ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Lemon kuwa, in ka ga ana rabawa ka yi shiru, biya wanda aka sha a farashin kasuwa. Kwalbar da ba a buɗe ba tasa ce.

Wulaƙanta baƙi ba ya da farashi a lissafi. Zunubi ne da ke wuyansu sai sun nemi afuwa.

Game da faɗa wa jama'a, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta bai wa wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, kuma gargaɗin mai shirin kama wurin nasiha ce. Sai dai ka fara samun mai gidan shi kaɗai, domin mai yiwuwa yaransa ne suka karkatar da naman bai sani ba. In ya ƙi, ka kai wa mai unguwa ko shugabannin kasuwa, sannan kotun shari'a. In har za ka rubuta, ka tsaya kan abin da idonka ya gani, ban da zagi, ban da ƙari, kuma kada ka sa hoton ma'aikatan. Ranar da kuka daidaita, ka sanar a inda ka yi ƙorafin.

Wallahu a'alam.