Ina shan maganin farfaɗiya da na tayirod, an ce ba sa jituwa: in ajiye ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara 3 ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo aka cire tayirod ɗina (ƙullin da ke gaban wuya) gaba ɗaya, tun lokacin nake shan levothyroxine (ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod) maikirogiram 100 kowace safiya. Wata 4 da suka wuce aka ɗora ni kan Tegretol saboda farfaɗiya. Alhamdulillahi faɗuwa ta tsaya, amma kasala ta yi mini yawa, ga jin sanyi, bayan gida ya yi tauri, fuskata tana kumbura. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce magungunan ne suke karo, in ajiye Tegretol mako biyu in gani. Hankalina a tashe yake. Wata baiwar Allah daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki ajiye Tegretol ko na kwana ɗaya.

Alamomin da kika lissafa sun yi kama da na ƙarancin sinadarin tayirod. Carbamazepine, wato Tegretol, yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da thyroxine, wato sinadarin tayirod, tana fitar da shi da sauri. Haka wasu magungunan farfaɗiya, phenytoin da phenobarbitone, suke yi. Mai lafiyayyen tayirod jikinsa kan cike giɓin da kansa, ke kuwa an cire naki, abin da kika haɗiya shi ne kaɗai abin da kike da shi. Don haka 100 ɗin da ta ishe ki a da, mai yiwuwa yanzu ta gaza. Ki je a yi miki gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna ko sinadarin tayirod ya ishi jiki, a duba gishirin sodiyam na jini ma, domin Tegretol yana rage shi, hakan kuma yana kawo kasala. Idan TSH ya hau, likita zai ƙara miki levothyroxine kaɗan-kaɗan, yawanci maikirogiram 25, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Raba lokacin shan su ba zai gyara komai ba, don matsalar a hanta take. Tazarar awa 4 da kike ji ana faɗa tsakanin levothyroxine ce da maganin ƙarin jini ko kalsiyam.

Shawarar mai kemis ɗin nan ita ce abin da ya fi ɓata mini rai, kuma kusan kullum sai mun gamu da irinta. Wanda bai ga sakamakon gwajinki ba, bai san irin farfaɗiyarki ba, da wane dalili zai ce ki ajiye ki gani? Me za ki gani? Idan aka yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya, jijjiga tana iya dawowa ta wuce minti 5 ba ta saki ba, ko ta riƙa zuwa a jere ba tare da mutum ya farfaɗo ba. Wannan yana lalata ƙwaƙwalwa, yana kisa. Mun sha karɓar matan da suka faɗa murhu suna tsakiyar tuƙa tuwo, hannu ya ƙone har gwiwa, zani ya manne da fata. Ana bincike sai a ji wani ne ya ce maganin ya yi musu ƙarfi, ko mai tallar magani da lasifika a kasuwa ya ce aljanu ne, ƙwayar asibiti ba ta yi musu. Wanda ya ba da shawarar ba ya zuwa ko dubiya. Ƙarancin tayirod ɗinki kuwa ana gyara shi cikin makonni, ba tare da an taɓa Tegretol ba. Ki yi addu'a, a yi miki ruƙiyya in kina so, amma ki sha maganinki a kan lokaci. Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah, abin da ya fi ƙarfin saninku ku tura shi asibiti.

Idan likitanki ya ga ya dace a sauya miki zuwa levetiracetam, wanda ba ya zaburar da hanta, a hankali ake yi cikin makonni, sannan a sake auna TSH, domin levothyroxine ɗin da aka ƙara zai iya yin yawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ranar asibiti ki tafi da kwalayen magungunan biyu, ki nuna wa kowane likita.