Kafin ka zuba wa akwatin kifi magani

Ka ce ruwan akwatin da na ba ka kula ya koma kore, ganyen shukokin ya fara gashi, wane magani za ka zuba. Ku yaran yanzu ke nan, komai sai an buɗe kwalba. Awa nawa fitilar take yi a kunne? Awa 6 zuwa 8 a rana sun ishi shuka, abin da ya haura nan gansakuka kake kiwo. Canjin ruwa da wankin matatar ruwan kuwa ba zan tsaya koya maka ba.

Tambayar nan taka ta tayar min da wani tsohon miki. Akwai wani mai otal da na haɗa wa akwati mai cin lita 400. Na jera masa Vallisneria, wata ciyawar ruwa mai dogon ganye, a baya, na ɗaure wata shukar ruwa, Anubias, a jikin itace da zare, ɗaya bayan ɗaya, don in ka binne saiwarta mai kauri ruɓewa take yi. Na ce masa, ranka ya daɗe, kada a kai shi kusa da taga. Ina juya baya ya sa aka tura shi bakin tagar da rana ke duka tun hantsi, wai don baƙi su gani daga waje. Fitila kuma ba a kashewa, in an ɗauke wuta janareta ya karɓa. Duk yaron da ya gitta sai ya watsa abinci. Ragowar abincin da kashin kifin su ne takin, ga haske har ya yi yawa. Me ya rage?

Da ruwan ya zama kamar miyar kuka, bai kira ni ba. Sai ya ba mai shara umarni, shi kuma ya tuttula bilic. Da na zo, kifayen duk sun taso ciki sama, ganyen ya yi fari fat, in ka taɓa sai ya narke a yatsa. Wai kuma ni na kawo masa ruwa mara kyau! Cikon kuɗina har yau yana hannunsa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, naka koren ruwa ne. Lulluɓe akwatin da bargo kwana 3, ko tsinin haske kada ya shiga, kada ka ba da abinci, amma ka bar famfon iska yana aiki. In ka buɗe, ka kwashe kusan rabin ruwan. Gashin da ke jikin ganye ka naɗe shi da tsohon buroshin haƙori, ganyen da ya ci sosai ka yanke. Kada kuma wani ya sayar maka da pleco, kifin nan mai tsotsar gansakuka, a kan zai share maka gilashi, girma yake yi ya fi ƙarfin akwatin, ya riƙa tumɓuke shuka. Ɗan ƙaramin kifin nan Otocinclus ka nema, ko dodon koɗin ruwa da ake kira nerite, su ma gansakuka suke ci.

Jeka duba min inda tagar masu akwatin take, ka dawo ka faɗa min.